Marowacin Ranar Asabar

Badiyya ta diro daga motar haya ta danfo a kasuwar shanu ta Oko-Oba. Mahaifinta, Alhaji Shitu dillalin shanu, shi ya aika a kira ta, kuma ta san laifinta.

Ita ke rubuta wasan talabijin ɗin nan da Hausawan Agege ke kallo duk ranar Asabar. Da ta tashi ƙirƙirar marowacin wasan, Alhaji Badaru, sai ta ɗauki ubanta ɗungurungum ta zuba a ciki: karkatacciyar hularsa, raba goro ɗaya gida huɗu, har da "Allah ya hore" ɗin da yake sallamar maroƙa da shi. Wai ita a tunaninta ba mai ganewa. Ina! Kafin ka ce kwabo mahauta sun koma kiransa Badaru.

Da ma da ƙyar ya bar ta ta shiga wannan sana'a. Yau kam ta san hana ta zai yi, shi ya sa ta taho da maganin abin.

Ta same shi a rumfarsa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ka yi haƙuri, na gyara. Sati mai zuwa mutumin zai faɗi ya mutu."

"Zai me?" Alhaji ya dire kofin shayi. "Ni za ki kashe?"

"Ba kai ba, Baba, Badaru..."

"Ke tafi can! Wane ne Badaru in ba ni ba? Jiya wasu 'yan kasuwa suka taso tun daga Sabo Yaba don su gan ni. Suka ɗauki hoto da ni, suka tafi da bijimi ko tayi babu."

Sai kuma ya sassauta murya.

"Asabar ɗin nan na ga Badaru ya zuba shayi kofi biyu, ya manta matarsa ta rasu. Tun da uwarki ta tafi nake yin haka. Na ɗauka ba wanda ya taɓa lura. Kiran da na yi miki ke nan."

Tausayinsa ya kama Badiyya, idanunta suka ciko.

Alhaji ya laluba aljihu ya ciro goro. Ya kai farce zai ɓare, sai ya fasa, ya miƙa mata shi guda sukutum.

"Ungo. Amma wannan kada ki sa a wasa," in ji shi, yana waige-waige. "Kar ki ɓata mini suna."