Ƙuri'ar Murya

Ranar da za a yi wa ƙudirinta karatu na uku, 'yar majalisar ta wayi gari murya ta dishe gaba ɗaya. Laifinta ne kuwa. Mako guda tana bin ofis-ofis tana roƙon abokan aiki, har maƙogwaro ya ce ya gaji.

Ƙudirin ba shi da tsawo: asibiti ya fara duba wanda ya yi hatsari kafin ya nemi takardar 'yan sanda. A kan bencin asibiti mijinta ya cika, ana jiran wannan takarda. Ƙudirin ya tsallake karatu biyu, ya sha wuya a hannun kwamiti, ga shi yau ne zaman ƙarshe na wannan majalisa. In ya faɗi, sai dai a sake daga farko.

Kakakin majalisa ya gyara tabarau. "Masu goyon baya su ce e."

Mutanenta suka ce e, amma a sanyaye, kamar masu amsa gaisuwar suruki.

"Masu adawa su ce a'a."

Su ba su da yawa, sai dai Allah ya ba su maƙogwaro. Zauren ya amsa har rufi. Kakaki kuwa da kunne yake hukunci, ya ɗaga guduma.

Hanya ɗaya ta rage: wani ya nemi a ƙirga, da baki, kafin gudumar ta sauka. Ta miƙe zumbur ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Mutanenta sun zuba mata ido, kowa na jiran mai ƙudiri ta yi magana.

Kusa da ita wani dattijo ne da ake kira Baba Gyangyaɗi, wanda duk zamansa a majalisa ba a san shi da wata magana ba sai guda ɗaya, in an tashe shi. Ta take masa ƙafa da iya ƙarfinta.

"A ƙirga!" in ji Baba, ido a rufe.

Gudumar ta tsaya a sama. Aka miƙe, akawu ya bi layi-layi. Da ƙyar ƙudirin ya sha. Saura sa hannun shugaban ƙasa.

A baranda ta kira uwar mijinta a waya.

"'Yar nan, ya aka yi?" in ji tsohuwar.

Ta yi, ta yi, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Tsohuwar ta daɗe tana sauraren numfashinta.

"Kuka kike ko dariya? Faɗa mini, in san wanda zan taya ki."