Kafaɗun da Baba Haman Ya Rage

Awwal ya cusa kai cikin rigar ya ja, ya sake ja, ta tsaya cak a kan sulken kafaɗarsa, hannuwansa a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Sadisu ya miƙa masa wata. Ita ma haka. Riguna ashirin da huɗu, babu wadda ta sauka ƙirji.

Ƙarfe goma na safe ke nan, wasa kuma ƙarfe uku. Shekara takwas Sadisu ya yi a Jamus yana kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da tsara hari a ƙwallon Amurka, wannan mai siffar gwanda. Ya ƙara uku yana horarwa, sannan ya dawo unguwarsu Briqueterie ya tara mahauta irin su Awwal, da 'yan bensikin masu acaɓa, da masu dakon kasuwar Mokolo, ya kafa ƙungiya. Yau ne wasansu na farko a gasa, an kuma faɗa masa ƙarara: babu riga mai lamba, babu shiga fili, sai baɗi.

Ya kwashi rigunan da sulke ɗaya, bai tsaya ko'ina ba sai shagon Baba Haman, telan mahaifinsa marigayi.

"Baba, awon da na ba ku fa?"

"Takardar nan? Ai na gyara maka ita," in ji tsohon, ko kai bai ɗaga daga kan keke ba. "Shekara arba'in ina auna mutane, ban taɓa ganin ɗan Adam mai kafaɗa soixante-dix, santimita saba'in, ba. Na ce Turai ce ta rikita ka. Da mutanenka suka wuce atisaye na dube su da ido, na yanka."

Ran Sadisu ya ɓaci matuƙa, amma wa zai ɗaga wa murya? Mutumin da ya ɗinka masa rigar suna? Ya ɗora sulken a kan tebur, ya ce a ƙarƙashin riga ake sa shi, kuma in uku ta buga babu riguna, aikin shekara biyu ya tafi.

Baba Haman ya juya abin, ya ƙwanƙwasa shi da almakashi.

"Kai ma da naka laifin. Ka ce mutane zan yi wa riga, ba ka ce akwai kwando a ciki ba."

Ya fita bakin shago ya tafa hannu.

"Hussaini! Altine! Ku ajiye abin da ke hannunku, na yi ɓarna!"

"Baba, kayan biki ne, gobe za a karɓa," in ji Hussaini daga shagon gefe.

"Amarya ta jira. Kawo kekenka."

Kafin sha ɗaya keke shida na gudu. Ana farke riga daga hamata zuwa wuya, a ƙara ƙyalle, a mayar. Yadi ya ƙare, Hussaini ya zazzage guntayen shadda, Altine mai ɗinkin mata ta kawo na atamfa. Sadisu aka ba reza yana farka, Altine na yi masa dariya, wai hannun da ke jifa daga nan zuwa unguwar Messa ya kasa tsinka zare. A Jamus kullum rataye yake samun rigarsa, a goge, bai taɓa tambayar wa ya yi ba. Ya dubi mutanen nan da ko dokar wasan ba su sani ba, godiya ta cika shi.

Biyu saura kwata Awwal ya zo ya gwada. Ta shige. Kafaɗa ɗaya shadda kore, ɗaya atamfa mai furanni.

"Coach, ça passe! Ta shiga!" ya yi ihu, ya rungumi rigunan ya ruga ya kira sauran.

Sadisu zai bi shi, Baba Haman ya riƙo hannunsa ya ba shi wata farar riga daga ƙasan tebur.

"Taka ce. Ita ma ban bi takarda ba."

Ya sa. Rabonsa da rigar da ta zauna masa daidai tun aikin asibitin da ya raba shi da wasa, wanda bai faɗa wa kowa a unguwa ba, har mahaifiyarsa Larai.

"Kafaɗarka ta dama ta sauka da yatsa biyu," in ji tsohon a hankali, yana gyara masa wuya. "Ban gaya wa Larai ba."

"Na gode, Baba."

"Wuce, za ku makara."