Anwar Ya Zo Neman Gafara

…har da durƙuso, Mariama 'yata. Ga shi nan a bakin tabarmata, Anwar, wanda ya yi majo, babban ma'aikacin jinya, a likitar garinmu, yanzu babba ne a ofis nan Diffa. Ya rame, riga na yawo a jikinsa. Gobe za a tafi da shi Yamai, daga can jirgi sai Tunis, su buɗe masa ƙirji. Wai asirans, wato inshora, ke biya. Shi ne yake bin gida-gida neman gafara kamar mai tafiya Makka.

"Iya, a yafe mini."

Duk layin nan sun ce sun yafe. Me ya ci musu? Saura ni.

Jinin haihuwar nan… zane bayan zane ina matsewa, jaririyarki ko nono ba ta kama ba. Na je likita da gudu, aka ce ambilans ta fita aiki. Aiki! A amalanken jaki muka ɗauko ki, rana tsaka, hanyar bakin kogin Kumadugu, kanki a cinyata. Sai ga ambilans ɗin ta wuce mu, fara fat, buhunan tattasai har rufi. Tattasansa. Yajin ya bugo mu, kika yi atishawa, har kika ce mini alhamdu lillahi, ke da ba ki kai Diffa ba…

A'a. Ba zan ce na yafe ba. Ya hau jirgin da kayansa. Su tsaga, su leƙa, su ga ko akwai wani abu a ciki. In ya tafi a can, inda ba mai sanin sunan uwarsa, ke kin riga shi isa, ki tare shi a hanya. Ki riƙe masa riga, kada ki ji kunya, ke da kunyarki ta tsiya.

Ni fa na goya shi. Uwarsa Delu na ban ruwa a garka, shi yana bayana yana tsotsar bakin zanena. Ga tabon murhu nan a hannunsa, ni na shafa masa zuma… To sai me? Goyo ya hana shi lodin tattasai?

Shirun ya yi yawa, ya ɗago kai. Murmushi ma yake yi.

"Iya, Mariama fa? Tana lafiya? A gaishe ta."

A gaishe ta…

Bai sani ba. Shekarun nan duka ina dafa masa wannan shirun, shi ko labari bai kai masa ba. To me zan hana shi? In na faɗa masa yanzu, zuciyar nan da ake lallaɓawa za ta iya tsayawa nan kan tabarmata. In na yi shiru, ya tashi sakayau, ya ce tsohuwa kunne ya yi nauyi.

Bakina a buɗe yake, Mariama. Yana jira.