Zumar da Na Kawo Daga Lituwaniya

Taron da kwalejinmu ta tura ni Lituwaniya na kwana biyu ne. Na ukun ni na ƙara wa kaina, don in samu abin ba da labari. Shekara tara ina koyarwa a Kuala Lumpur, babu Bahaushen unguwarmu ta Taman Melati da bai taɓa tura min waya a fuska ba yana nuna min hotonsa a Dubai ko Istanbul. Ni kuwa na ƙudurta sai na je inda ba wanda zai ce min, "Ai na san wajen." Allah ya amsa min, har da ƙari.

Ƙarshen Fabrairun 2020 ne. Ana ta zancen wata cuta a Sin da Italiya, muna jin ta kamar gobarar wata unguwa. Na hau bas zuwa wani ɗan gari a bakin kogi, wanda har yau in na yi ƙoƙarin faɗin sunansa sai matata Ramatu ta miƙo min ruwa.

Garin tsit. Kogin baƙi ƙirin, ƙanƙara na yawo a kansa kamar fasassun farantai. Gidan tarihinsu a rufe. Na zagaya titi uku, na tsinci kaina inda na fara, na gane na gama yawon buɗe idon da na biya kuɗin mota dominsa. A gindin gada na tarar da wata tsohuwa tana sayar da zuma a kwalabe. Na sayi goma sha huɗu da alamar yatsu. Ta ƙura min ido har na juya, ba ta yi murmushi ba.

Sai na ji ƙararrawa da ganga. Mutane ne suka ɓullo daga bayan coci, kowa da fuskar katako: mai dogon hanci, mai ƙahon akuya, mai haƙora waje ɗaya. Sun yafa fatun tumaki, suna ɗauke da wata ƙatuwar mutum-mutumin mace ta ciyawa. Na nemi lungun da zan shige, wani mai ƙaho ya riga ni, ya cafke hannuna. Ya ɗaga fuskar katakon, sai ga jan mutum yana ta gumi cikin wannan sanyi. Da Turanci ya ce min hunturu suke kora, yanzu za su ƙone matar ciyawar a bakin ruwa. Ya ce shekaranjiya ya dawo daga wasan ƙanƙara a Italiya, sanyin can ya bar masa wannan ɗan tarin. Ya yi tarin kuwa, don kada in yi musu. Sannan ya rungume ni, kunci da kunci, aka ɗauke mu ga wuta na ci a bayanmu.

Ban taɓa yin hoton da na yi kyau kamarsa ba.

Ranar da na sauka gida, Ramatu ta jera kwalaben a tebur, ta ɗauko takarda ta rubuta gidajen da za a kai wa tsaraba. Sai ta tsaya da biron a hannu.

"Malam, na ji ana cewa wanda ya dawo daga waje ya ɗan zauna a gida tukuna."

"Waɗanda suka dawo daga Sin ake nufi. Kin taɓa jin an ambaci Lituwaniya a labarai? Ko cutar ba ta san hanya ba."

"Zuma ai ba ta lalacewa."

"Suna yana lalacewa. In kwana bakwai ban raba ba, sai a ce Ubale ya je Turai ya dawo hannu rabbana."

Kwana biyu na yi ina hawa da sauka a lif. Kowane gida sai an zauna, sai an sha shayi, sai na fito da hoton mai ƙaho.

Gida na ƙarshe na abokina Abdurrahim ne, a hawa na goma sha bakwai. Mahaifinsa, Baba Halliru, ya zo daga Kano neman maganin ƙoda, kuma tun da aka sallame shi wata guda da ya wuce bai taka ƙasa ba. Tsohon ɗan kasuwar zuma ne. Ya ɗaga kwalbar yana kallon ta a hasken taga.

"Ubale, zumar Turawa ai sukari ce da aka yi wa ado."

"Baba, wannan daga hannun mai ita na karɓo."

"To fara sha in gani."

Aka kawo cokali. Na ɗiba na lashe, na sake tsomawa na miƙa masa. Ya juya ta a baki ya daɗe, kamar alƙali.

"Ta gaske ce," in ji shi. "Ashe ƙudan zuma ko'ina Musulmi ne."

Ya riƙe hannuna cikin nasa biyu yana sa min albarka, har ƙafata ta yi sanyi a tsugune.

Kwana huɗu bayan nan zazzaɓi ya kama ni, da wani busasshen tari. Na ce sanyin ofis ne. Na ce gajiyar jirgi ce. Ina da digiri uku, don haka ban rasa sunan da zan ba shi ba. Na sha farasitamol, na daina kallon labarai. Ramatu ta ware min kofi da cokali.

Ranar Alhamis da hantsi Abdurrahim ya kira.

"Malam, muna asibiti. Numfashin Baba ne."

"Subhanallahi. Me likita ya ce?"

"Sun ce ko nimoniya ce. Sun tambaye ni ko ya haɗu da wanda ya yi tafiya waje kwanan nan. Wai sai da haka suke yin gwajin nan."

"Ka ce musu me?"

"Na ce babu."

Tari ya taso min, na danne shi da hannu har idona ya kawo ruwa.

"Ka ce babu?"

"To me zan ce, Malam? In ce kai? Mutum ya hau bene ya kawo wa mahaifina alheri, in ba da sunansa a rubuta? Haba. Ai ba a haka."

Kara ya yi min. Ni kuma, Allah ya sani, daɗi na ji. Na yi masa addu'a mai tsawo na ajiye wayar.

Ramatu na tsaye a ƙofar kicin.

"An gwada shi?"

"Sun ce ba buƙata."

"Su suka ce, ko ku kuka ce?"

Ta shiga ɗaki ta fito da takardar tsarabar, ta shimfiɗa ta a gabana, ta danne da kwalbar ruwa don kada fanka ta ɗauke. Gida goma sha huɗu, da rubutunta mai kyau, kowanne da alamar an kai. A gida na shida akwai mai ciki.

Na wuni ina kallon takardar. Na lissafa abin da za a ce a masallaci, da abin da za a ce a kwaleji, da sunan da samarin shagon shayi za su laƙaba min har in mutu. Na kwana a kan lissafin. Wannan kwana ɗayan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Da safe Abdurrahim ya turo saƙo cewa an sa wa Baba iskar oksijin. Sai a lokacin na kira lambar ma'aikatan lafiya. Matar da ta ɗauka ta sa na maimaita sunan ƙasar sau uku. Da ta tambayi waɗanda na yi hulɗa da su, na ce ina da su a rubuce, har da lambar ƙofa.

"Wah, very good lah," in ji ta. Ba a taɓa yaba min a kan abin da ya fi wannan muni ba.

Da azahar suka zo. Mutum uku cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ba a ganin fuskar kowa sai gilashi. Maƙwabta sun leƙo ta tagogi. Ɗayan ya kama hannuna zuwa mota, daidai inda mai ƙahon ya kama.

Gwajina ya nuna ina da ita. Na Baba ma. Ramatu ta yi nata zazzaɓin na kwana uku ta miƙe. Sauran gidajen Allah ya tsare, mai cikin ta haihu lafiya. Likitan Baba ya ce wa Abdurrahim da an sani da wuri, sai ya fasa ƙarasa maganar.

Baba ya rasu a makon da aka rufe gari, masallatai a kulle. Mutum huɗu suka yi masa salla daga nesa. Ni ina gadon asibiti ina shan shayi da biskit, ina samun sauƙi kamar ba ni ba.

Bayan wata biyu, da aka sassauta, na ji an ƙwanƙwasa. Abdurrahim ne da takunkumi, ya ja baya taku uku. Ya tambayi jikina, ya tambayi na Ramatu. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu.

"Kwana ne ya ƙare, Malam."

Ya ajiye leda a bakin ƙofa. Kwalbar ce, an sha kusan rabi.

"Kullum da safe sai ya sha cokali ɗaya. Har a asibiti yana tambayarta. Na ga ba zan iya zubarwa ba, ba kuma zan iya ganinta ba."

Har yau bai zage ni ba. Muna haɗuwa a lif, ya gaishe ni da Malam, ya danna min lambar hawana.

Kwalbar tana saman firij. Zumar ta daskare ta yi fari. Ramatu takan goge ƙurar kanta duk Asabar, ta mayar da ita daidai inda zan gan ta in na zauna cin abinci.