Tsakiyar Ido

"Tambaya ta tara," in ji Farfesa, yana riƙe da takardar nesa da hancinsa. "Yaya za ka ajiye akwati a tsakiyar shafi?"

"Wace tsakiyar?" in ji Mai Dalma.

"To ka gani. Nan kake faɗuwa kullum."

Farfesa ba farfesa ba ne. Malamin makaranta ne mai ritaya, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da littattafai, da ciwon gwiwa, da maƙwabci ɗaya tal mai jure bakinsa. Maƙwabcin shi ne Mai Dalma, wanda ya shekara talatin da biyu yana jera haruffan dalma a maɗaba'a, har aka rufe ta aka mai da wurin shagon wayoyi. Yana da sittin da ɗaya ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya ce zai koyi gina fuskar shafin intanet, wato abin da ido ke gani, yatsa ke latsawa. "Shafi ai shafi ne," in ji shi.

Intabiyun neman aiki biyu ya yi ta kwamfuta, duka ya sha ƙasa. 'Yarsa ta yanke hukunci: in ya faɗi na uku ranar Laraba, zai tattara ya koma gidanta a wani gari. Farfesa ya gaya wa duk layin cewa kunnensa zai huta. Amma kullum da hantsi sai ga shi da tambayoyi arba'in da ya kwafo, waɗanda bai gane ko ɗaya ba.

Mai Dalma ya buga wa kwamfutar layi uku na umarni da yatsu biyu. Akwatin ya yi tsalle ya zauna daram a tsakiyar allo.

"Madalla. Ɗauke hannunka."

Bai ɗauke ba. Ya ƙara layi na huɗu, akwatin ya ɗan haura sama, kamar faɗin yatsa.

"Tsakiyar rula daban, tsakiyar ido daban," in ji shi. "Abin da ka sa a tsakiyar lissafi, ido na ganinsa kamar ya zame. Sai ka ɗan ɗaga shi. Kowane bangon littafi da ke ɗakinka haka aka yi masa, kai dai karantawa kake, ba ka gani."

A intabiyun farko minti ashirin ya yi yana wannan huɗuba. A na biyu ya gaya wa mai kamfanin cewa haruffan shafinsu sun cunkushe kamar fasinjojin motar haya.

Ranar Talata Farfesa ya ajiye takarda ya cire tabarau.

"Injiniya, layi uku suke so. Ka ba su uku ka yi shiru. Ka yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarka. Na yi zaman aure shekara talatin, na san amfaninta."

"Kai da ka ce za ka huta in na tafi?"

"Tsoro nake kada su ba da hayar ɗakinka ga mai koyon ganga."

Mai Dalma ya daɗe yana murza ƙirjinsa, ya ce shayin ne ya yi ƙarfi. "Uku," ya ce a ƙarshe, kamar wanda aka cire wa haƙori.

Laraba da ƙarfe tara Farfesa ya iso da kwat ɗinsa da zai ara masa. 'Yar ce, wadda ta zo tun jiya don jin sakamako, ta tare shi a ƙofa, idonta jawur.

"Kawu, Baba ya rasu."

A kujerarsa ta same shi, shayinsa bai ko huce ba. Ya sa farar riga mai guga a sama, tsohon wandon barci a ƙasa, don ya ce kyamara ba ta ganin ƙafa.

Aka kai shi ɗakin ciki, gida ya fara cika. Farfesa ya zauna a kujerar, kwat a cinya. Ƙarfe goma daidai kwamfutar ta yi ƙara. Ya latsa inda ya saba ganin ana latsawa. Wata matashiya daga kamfanin ta bayyana tana murmushi.

"Barka da safiya, Baba. An shirya?"

"Ya shirya. Bai taɓa shiri irin na yau ba. Sai dai ya mutu."

"Ayya. Ko a ɗaga masa zuwa wani..." Ta toshe bakinta da hannu.

"'Yata, yaya ake ajiye akwati a tsakiyar shafi?"

Cikin ruɗewa ta karanto masa layuka uku.

"Za mu neme ki," in ji Farfesa, ya kashe kiran.

Fuskarta na ɓacewa sai shafin gwajin Mai Dalma ya fito. Layi uku ne cif, ba na huɗu. Akwatin na zaune a tsakiyar lissafi.

Farfesa ya goge tabarau ya sake dubawa. Ya ja kujera baya. Ya karkata kai. Duk ta inda ya duba, akwatin ya zame ƙasa.

Bai san ko harafi ɗaya na layi na huɗun ba. Ya zaro takardar tambayoyin daga aljihu, ya ninke ta siririya, ya rataya ta a gefen allon na sama, ta rufe kamar faɗin yatsu biyu. Akwatin ya hau inda ya kamata.

A waje ana ta jan kujeru. Ya zauna yana riƙe da gefen takardar don kada iskar fanka ta ɗauke ta.