Karin Gugar Malam Tambari

"Dakata, Malam," in ji tsohuwar da ke kujerar baya. "Yaron ga birni za shi tahi, ko ba haka ba?"

Malam Tambari ya ɗago kai daga takardun da ke kan cinyarsa. Shafi na biyu kawai ya kai, motar ma ba ta gama fita daga Gwandu ba. Ya juya ya dubi matar. Zulai aka ce sunanta, mai sayar da bandar kifi, ga kwandonta a ƙafa yana ta cika motar da ƙauri.

"E, Inna, birni zai je," ya ce. "Amma wannan ai kowa ya sani. Ki saurari gaba."

Shi ya jawo wa kansa. Babu wanda ya roƙe shi ya karanta wa fasinjoji labarin fim ɗinsa. Shi ne ya ga hanya da nisa, ya ce bari ya gwada a kan mutanen da, a ganinsa, ba su san komai game da fim ba.

Malam Tambari malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, amma ba da wannan aka san shi a gari ba. An san shi da ɓata wa mutane kallo. Minti biyar da fara fim zai gyara hula ya faɗi wanda zai mutu da wadda za a aura, kuma abin haushin, yakan dace. Matarsa Sa'adiyya ta daɗe da daina kallo a gabansa, sai ta ɗauki wayarta ta shige madafa. Wata rana Bawa, wani darakta mai ƙaramar ƙungiyar fim a Kalgo, ya zo ɗaukar biki a Gwandu, ya zauna a majalisarsu ya ji shi yana zuba. Da ya gaji sai ya ce, "Malam, hanyar labari guda ce. Mutum shi bar gida, shi sha wuya, shi dawo. Ko kakarka haka taka ba da tatsuniya. In ka isa, bi hanyar ga ka rubuto muna wanda ba a iya cankar ƙarshenai. Mu kuma mu ɗauka bayan yankan shinkafa."

Nan take Tambari ya bugi ƙirji a gaban mutum goma sha biyu. Ya ce in aka samu ko mutum ɗaya da ya canki ƙarshen labarinsa, ya daina maganar fim har abada. Wata bakwai ya yi yana rubutu, shafi tamanin da huɗu. Yau Alhamis ce ranar da suka ajiye, Bawa na jiransa kafin La'asar.

Ya ci gaba da karatu da muryar da yake koyar da kogunan Afirka. Jarumin, Kamal, ya isa birni, ya haɗu da wani aboki mai fara'a.

"Cutatai za shi yi," in ji Zulai, ko kallonsa ba ta yi ba.

Haka kuwa yake a shafi na sha tara. Tambari ya rufe shafin da tafin hannu, ya shirga ƙarya. "A'a, Inna. Wannan abokin mutumin kirki ne."

"To, in abokin na kirki ne, maigidan da za shi ba shi aiki shi na mugu. Dole dai wani shi cuce shi, in ba haka ba mi za mu kalla?"

Motar ta ɗauki dariya. Tambari ya yi yaƙe, ya tsallake shafi talatin a lokaci guda, har da waƙar da ya kwashe mako uku yana tsarawa. Ya san inda makaminsa yake, can wajen ƙarshe. Kafin ya buɗe baki sai direba ya leƙo ta madubi.

"Malam, ba a aiko mai da cewa tsohonai ya rasu ba tukuna?"

"An aiko," Tambari ya amsa a sanyaye.

"Kuma ba ya samun jana'iza."

"Ba zai samu ba." Saura harsashi ɗaya. "To, tunda kun iya, me ya hana shi?"

Mutum tara suka haɗa baki, har da wani manomin Malisa da tun tashinsu yake gyangyaɗi a kan buhun albasa: "Mota ta lalace!"

Tambari ya dubi shafi na saba'in da tara. Ga shi nan da rubutun hannunsa, har ya ja masa layi biyu don jin daɗi: mota ta lalace. Wata bakwai na wahala, mai kifi da mai albasa sun cinye shi kafin a kai Ambursa. Kunya ta rufe shi, sai haushi ya biyo baya, haushin kuma ya buɗe masa baki kafin hankalinsa ya iso.

"Ba mota ba ce."

Duk suka juyo suna kallonsa.

"Da hantsi aka gaya masa," ya ce, bai ko dubi takarda ba. "Aka ce za a jira shi har ƙarfe biyu. Lokaci ya ishe shi, har da saura. Amma yana da wata farar shadda, ita kaɗai gare shi, ta yamutse a jaka. Ya tuna duk garin zai taru, kuma wannan ne karon farko da za a gan shi tun da ya gama jami'a. Sai ya biya wurin mai guga. Ya tarar gawayi ya mutu, ya tsaya aka hura wani. Ya ce a sake bin hannun hagu, karin bai fita ba. Da ya iso gida, sai ya ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Ya ce musu mota ce ta lalace."

Babu wanda ya yi dariya. Direba ya rage rediyo. Zulai ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa kifi kafin ta saya.

"Wanga kam ban gano shi ba," ta ce a hankali. "Allah shi yahe ma yaron ga. Ƙuruciya ta."

Ba ta tambaye shi inda ya samo ba, shi ma ya gode da ba ta tambaya ba. Shekara goma sha tara ke nan, ko Sa'adiyya bai taɓa gaya wa ba.

A Birnin Kebbi ya sauya mota. Ya isa Kalgo da sauran lokaci, ya zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar shagon Bawa, ya soke shafi na saba'in da tara, ya rubuta sabo a bayansa. Bai kai minti ashirin ba. Wani ɓangare na zuciyarsa yana ta murna, ya samu abin da zai rufe bakin majalisa. Ɗaya ɓangaren kuma yana tuna masa cewa fim ɗin zai shiga kowace waya a Gwandu, har da ta yayarsa Lauratu, wadda ta tsaya a zaure a ranar jana'izar mahaifinsu tana ta leƙen hanya. Mahaifiyarsu ta riga ta rasu bai gaya mata ba. Ya ga gara Lauratu ta ji daga bakinsa.

Ya kira ta. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da awaki. Sannan ya faɗa mata.

Sai ya ji wani sauti, ya ɗauka kuka ne. Ashe dariya take yi.

"Tambari, kai dai Allah shi shirye ka. Wai mota ta lalace kun yi ta turi tun daga Tambuwal, ga ka tsaye da karin guga kamar bakin wuƙa, ko ɗigon zuhwa babu. Kana wucewa ƙamshin gawayi na bin ka. Wa kaka zaton bai gane ba?"

"Kun sani?"

"Duk gidan. Inna ta hana kowa shi yi maka magana. Ta ce abin da ka ɗauko ya ishe ka, kada a ƙara maka." Muryarta ta sauka. "Da ka bar rigar ka koma, ita ta ninke ta ta sa cikin akwatinta. Yanzu tana wurina."

Hawayen Tambari ya ɗiga a kan sabon shafin, ya yi sauri ya goge da bakin hannun riga don kada tawada ta baje.

"In fim ɗin za ku yi, zo ka ɗauka," in ji Lauratu. "Sai dai a sake mata guga."

Daidai nan Bawa ya fito daga shago yana gyara agogo. "A'a, Malam ya iso! An kawo muna wanda ba a iya cankawa?"

Tambari ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ba shi takardun da hannu biyu.

"An riga an canke shi," ya ce. "Tun kafin in rubuta da shekara goma sha tara. Karanta dai. Ni daga yau ɗan kallo ne."