Injinan Mushe Abdurrahamane

"Ɗaga ni in gani," in ji Mushe Abdurrahamane.

Na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarsa na ɗaga shi. Ba shi da nauyi. Ya ƙura wa gilashin odinatar, wato kwamfuta, ido, inda wani koren layi ya ɗan wuce rabi.

"Yaushe ne wa'adi?"

"Asabar, Mushe."

"Zai kai, in rana ta yarda." Ya yi tari mai tsawo. "Ni dai ne ban sani ba."

Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, a ƙauyenmu da ke kusa da Kanan-Bakashe. Shi ya koya mini lissafi a kolej kafin ya ajiye aiki, shi ya sa muke ce masa Mushe, wato malamin boko. Da na faɗi jarrabawar bak na dawo gida na kama kabu-kabu da babur, kowa ya yi mini jaje ban da shi. Cewa ya yi, "Mas'udu, kana da moto? To ina da aiki."

Ga aikin. Wasu masu bincike a ƙasashen waje suna neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Lissafin ya fi ƙarfin injinansu, sai suka yayyanka shi ƙanana suna raba wa duk mai odinatar da ya yarda ya taimaka, kyauta. Ka karɓa ta intanet, injinka ya lissafa, ka mayar kafin wa'adi. In wa'adi ya wuce, a ba wani, naka ya tashi a banza.

Mu ba mu da intanet. Ko kira za ka yi sai ka hau tudu. Abin da Mushe yake da shi tsofaffin odinatar uku ne da ya saya lokacin da wani furoje na ƙungiyar agaji ya rufe, da fanno biyu masu ba da wuta daga hasken rana a kan rufin ɗaki. Ni ne intanet ɗinsa. In ɗauki kile, wannan ɗan abin adana bayanai mai kamar ɗan yatsa, in je siber, shagon intanet ɗin Abdulaziz a Tasawa, in sauke wanda aka gama, in ɗauko sabo. Injinan suna tashi da rana, su kwanta da ita.

Mutanen gari sun ce noma yake yi wa aljanun Turawa. Bai taɓa musu ba.

Ran Laraba da hantsi ya ce in buɗe ƙofa sosai don ya ji ƙarar injinan daga shimfiɗarsa. Matarsa, Inna Shatu, tana ba shi kunu da ludayi. Ya sha kaɗan ya kawar da kai.

"Wanga na ƙarshe," ya ce mini, "kak ka bari shi mutu a hannuna."

Kafin azahar ya cika. Muka kai shi bayan la'asar.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin injinan, an kuma cire wayar fanno. Ƙanen Mushe ne ya yi haka, Baba Rabilu, mai saida awaki a kasuwannin mako.

"Dukiyar mamaci ce," ya ce. "Ko allura ba ta hita sai an raba gado."

"Aikin bai ƙare ba, Baba. Saura kaɗan."

"Mai aikin ya ƙare. Kai mi naka ciki? Kai ɗa nai ne?"

Ni ba mai iya magana ba ne, kuma gaskiyarsa ce, ba ni cikin magada. Alhamis ta wuce da rana tas, babu ko gajimare, injinan suna kulle. Na zauna cikin masu zaman makoki ina kallon inuwar bishiyar bedi tana juyawa.

Juma'a da safe, Liman Abdussalamu ya shiga tsakar gida yi wa Inna Shatu ta'aziyya. Tana takaba, daga bayan labule take amsawa. Ta sa aka kira ni da Baba Rabilu.

"Allah gafarta Malam," ta ce, "tambaya gare ni. In aka ba mutum akuya kiwo ya rasu, ana raba ta cikin gado?"

"Ba a rabawa. Mai ita za a maida wa, tun kafin a taɓa gado."

"To abin da ke cikin ɗakin can, ba shi aka yi ya yi ya maida. Mas'udu, ba haka ba ne?"

"Haka ne, Inna."

Baba Rabilu ya yi tsaki. "Akuyar da ba ta kuka, ba ta kashi."

Liman ya juyo gare ni. "Masu abin suna jira?"

"Suna jira. Har gobe."

"Ya amsa musu zai yi?"

"Ranar da ya karɓa ya amsa."

Liman ya shafi gemunsa. "Ƙarfen na magada ne, Rabilu, babu mai taɓa shi. Abin da ke ciki amana ce. Kana son ɗan uwanka ya kwana da amanar mutane a wuyansa?"

Baba Rabilu ya sake yin tsaki. Sannan ya zaro makulli daga aljihu.

"Amma ƙahwata ƙahwarka. Kilen ma dukiya ce. Ni zan riƙe."

Na haɗa waya, injinan suka tashi. Hadari ya taso daga gabas bayan sallar Juma'a, ya yi baƙi, ya tsaya yana shawara, sai iska ta kwashe shi ya yi wajen Mayahi. Odinatar biyu suka gama kafin la'asar. Ta ukun, wadda Mushe yake kira Tsohuwa, ta ja mu har rana ta yi ja. Layin ya cika.

Asabar da sassafe muka kama hanya, Baba Rabilu a bayana, yana zagin kowane rami da sunansa. Inda rairayi ya yi yawa muka sauka muka tura. A Tasawa muka tarar an ɗauke kuran, babu wuta. Abdulaziz ya ji rasuwar, ya yi salati, ya tada gurup, wato janareta, da man fetur ɗinsa.

Na sa kile. Sakamakon ya fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya. Rezon intanet ya yanke, ya dawo. Na ƙarshe ya wuce, aka rubuto an karɓa.

Ban yi ihu ba. Na dai kira Abdulaziz ya zo ya gani.

Abdulaziz ya buɗe shafin da ake jera masu taimako. Sunaye daga ko'ina, kowanne da ƴar tutar ƙasarsa. Ya gangara har ya kai kan tamu, ruwan goro da fari da kore.

Baba Rabilu bai yi lakkol ba, bai iya karatun boko ba. Ya matso da kujera. "Wanne ne nashi?"

Na nuna. Ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Wanga na sama da shi hwa?"

"Wani ne daga Japan."

"Na ƙasa?"

"Jamus."

"Yayana ya hi Bajamushe?"

"Yanzun nan ya wuce shi."

Ya yi wata ƴar dariya ta hanci, ya goge ido da hannun riga. Ya ce, "Zuba mishi wani."

"Baba, ya rasu."

"Na hi ka sani, ni na sa shi kabari. Rabon gado sai bayan girbi. Zuba."

Abdulaziz ya zuba sabon aiki a kilen.

Muka kamo hanyar gida rana tana tsaka. Gero ya fid da kai dama da hagu, ya fi mu tsawo. Baba Rabilu ya cusa kilen a cikin naɗin hularsa. A madubi nake ganinsa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen moto, ɗayan dafe da hular, har muka shiga gari.